Wadda Ke Zaune A Hagu

Tun suna da sauran ƙarfinsu Allura da mijinta Mai Aski a ɗaki ɗaya suke neman abinci, wani dogon shago a bakin titi, tsakanin mai gyaran takalmi da mai sayar da gilashin taga. Kujerar aski da madubi suna wajen ƙofa. Keken ɗinkinta yana can ciki kusa da taga, ta yadda in ya tsaya bayan kwastoma yana fuskantar madubi, tana daidai hannunsa na hagu. Shi ya raɗa mata Allura, wai ba ta da jiki amma in ta soke ka da magana sai ka ji har ƙashi, sunan kuwa ya bi ta har ya danne na gaskiya. Kullum cikin faɗa suke a kan gashin da iska ke kwasowa ta zuba mata a yadin mutane, kuma kullum shi ke janyo faɗan, don yana son ya ji abin da za ta ce. Ba ya gama kai ɗaya bai waiwaya hagu ya tsokane ta ba.

Wata safiya injin aski ya suɓuce masa, bakinsa ya karkace, ya sulale a jikin kujera. A asibiti aka ce wata jijiyar jini ce ta toshe a ƙwaƙwalwarsa ta ɓangaren dama, shi ya sa hannu da ƙafar hagu suka yi nauyi. Allura ba ta tsaya tambayar yadda ciwon dama ya tsallaka hagu ba. Ita dai ta ga mijinta a kwance, ta ɗaure ɗankwalinta ta shiga jinya.

Gadon da aka ba shi yana kusa da bango. Tsakanin gadon da bangon akwai kujerar roba ta mai jinya, a hagunsa, nan ta tare. Ta damarsa hanya ce, nan masu dubiya ke tsayawa, nan kuma Yaya ta kafa tata kujerar. Yaya ita ce babbar yayar Mai Aski, ita ta goye shi yana jariri, kuma ba ta taɓa bari wani mai rai ya manta da haka ba. Takan zo da hantsi tana ƙamshin turare, ta zauna da jakarta a cinya tana ba ma'aikatan jinya umarni, kafin la'asar ta tattara ta tafi.

Allura ke goge masa jiki, ita ke juya shi, ita ke canza zanen gado in ya ɓata, ita ke zaune a kujerar nan har ƙafafunta suka kumbura takalmi ya ƙi shiga. Ranar da bakinsa ya warware, Yaya ya kalla ya yi wa magana. Ya ce Allah ya saka mata da alheri, da ba don ita ba da ya ruɓe a kan gadon nan. Sannan ya tambaya ina Allura take.

Allura tana riƙe da jiƙaƙƙen tawul, in ya miƙa hannu zai taɓa ta. Ta ce ga ta nan, a hankali, saboda kunyar Yaya. Ko gezau bai yi ba. Ta ɗaga murya ta sake faɗa. Sai ya juya can dama wajen ƙofar ɗakin.

"Kin ji ta ko, Yaya? Daga bakin ƙofa take magana. Shigowar ce ba za ta yi ba."

Da farko Allura ta ce zafin ciwo ne. To amma mutumin nan ya gane kowa. Mai gyaran takalmi ya zo suka yi ta barkwanci, ya tambayi lafiyar 'ya'yan mai gilashi ɗaya bayan ɗaya, har ya tuna wa wani direba cewa gashinsa ya isa aski. Ita kaɗai ce ba ya yi wa kallon arziki. In ta zagayo ta dama za ta ɗebo ruwa, sai ya ce ashe an leƙo. Tana komawa kujerarta sai ya gaya wa Yaya cewa ga halinta nan, ta leƙo ta gudu kamar an ce ciwon ana ɗauka.

Yaya ba ta taɓa gyara masa maganar ba. Tana ganin Allura zaune, amma ta samu abin da ya fi mata daɗi. Ta ce mutumin da ya leƙa kabari ya dawo ba ya kawar da kai daga matarsa a banza. Akwai abin da ta yi masa, zurfin ciki ne ya hana shi faɗa, jikinsa kuma ya faɗa a madadinsa. Ta faɗa wa dangi a waya, ta faɗa wa matar gadon kusa, ta faɗa wa mai share ɗakin. Kafin a sallame su, masu dubiya sun fara gaishe da Allura da gefen baki.

Suka koma gida yana dogara sanda, yana jan ƙafa kaɗan. A falonsu kujeru biyu ne ke fuskantar talabijin, tasa a dama, tata a hagu, haka suke tun ranar da aka sayo su. Sai ta dafa shinkafa da nama, ta jera masa a tebur, ta koma kujerarta. Ya cinye gefe ɗaya tas har ya kankare farantin da cokali, ya bar ɗaya gefen da naman a kai ko taɓawa bai yi ba. Sannan ya ɗauki waya ya kira Yaya, ya ce an dangwarar masa da 'yar loma an fice, yunwa za ta ƙarasa abin da ciwo ya fara.

Allura tana zaune tana jin wannan da kunnenta. Ta dubi naman da ta tsaya a kan wuta ta dafa har ya yi laushi saboda haƙoransa, zuciyarta ta kawo iya wuya. In ƙin abincinta zai yi ya ƙi gaba ɗaya mana, rabawa biyu kuma wane salon wulaƙanci ne? Ta cika ta batse, ta shiga gaba da shi. In ta kawo abinci sai ta dire tana kallon bango, ta koma kujerarta ta yi gum. Ta gefenta tana ganin gemu ya tsiro masa buzu-buzu, mutumin da a da ba ya fita sai ya gyara fuska, ta ce a ranta ya je ya yi ta zama da shi, wanda ya fi son Yaya ai sai Yaya ta zo ta aske masa.

Yaya kuwa ba aski ta zo yi ba. Ta zo ta zauna a kujerar baƙi ta damarsa, ta ce ta gyara masa ɗaki a gidanta, ƙarshen mako ɗanta zai kawo mota a ɗauke shi, ba za ta zuba ido a kashe mata ƙani da rai ba. Mai Aski ya ce to, tunda ya zama kaya a gidansa. Allura ta san gidan Yaya. Wanda ya shiga da jinya ba ya fitowa da aurensa, ƙaninsu na ƙarshe ma haka aka yi masa. Ta san in motar nan ta tashi da mijinta, sai dai ta riƙa jin labarinsa a bakin mutane. Duk da haka baƙin ciki ya hana ta roƙo. Abin da ta iya cewa kawai shi ne a sauka lafiya.

Kafin ranar ta zo, Mai Aski ya kafe sai ya je shago. Ya ce lafiyarsa ƙalau, hannunsa na dama bai taɓa ciwo ba, masu cewa ya huta so suke a ƙwace masa kwastomomi. Ta bi shi ba don tana so ba, akwai ɗinkin mutane da ya daɗe a hannunta. A hanya ya buge kafaɗa da turken wutar lantarki, ya buge da ƙofar shago, ya zagi wanda ya kafa turken da wanda ya sa ƙofar.

Direban nan ne ya fara shigowa, tsohon kwastomansa, mai yawan gashi da yawan surutu. Ya zauna, aka ɗaura masa ƙyalle a wuya. Allura tana taka keke tana jin kukan injin aski, duk da fushinta sai da ta ji wani abu ya ɗan sake a ƙirjinta. Mai Aski ya ɗauki lokaci yana aiki. Ya sauke gashi, ya daidaita gefen kunne da reza, ya share da buroshi, ya shafa hoda, ya kwance ƙyallen ya kakkaɓe, ya ce an gama.

Direba ya dubi madubi. Damar kansa ta yi sumul kamar za a ɗauke shi hoto, hagu kuwa tana nan da gashinta yadda ya shigo da ita, layin da ya raba su ya bi ta tsakiyar kai ya sauka bayan wuya. Ya yi dariya, ya ce wasan ya yi kyau, a ƙarasa masa yana da lodi. Mai Aski ya ce a ƙarasa me? Direba ya nuna. Mai Aski ya dubi madubi da kyau, ya ce tun da yake sana'ar nan ba a taɓa cewa ya bar gashi a kan mutum ba, in rainin hankali ne a je a yi wa wani. Ba wasa a muryarsa, har jijiyar wuyansa ta tashi.

Allura ta cire ƙafa daga keke. Ta tashi ta zagayo, ta tsaya gaba da gaba da mijinta, abin da ba ta yi ba tun da suka dawo daga asibiti. Nan ta ga fuskarsa duka. Kumatun dama a aske yake fes, gashin baki a daidaite, hagu kuma gemun nan da take ta harara daga kujerarta. Ashe kowace safiya yana aski. Yaya tana ganin ƙaninta tsaf daga nata gefen, ita tana ganin ƙazami daga nata, ba wadda ta taɓa zagayawa.

Ya ce mata, "Ashe kin zo shagon?"

Direba ya ja hularsa har kunne ya fice neman wani mai askin, ita kuma ta kashe fanka ta rufe taga, ta ce wa mijinta ya ɗauki sandarsa, asibiti za su koma.

Likitar motsa jiki da aka haɗa su da ita yarinya ce, ba ta wuce sa'ar 'yarsu ta fari ba. Allura ba ta bari ta gama gaisuwa ba ta sauke mata kwandon masifa. Ta ba ta labarin faranti, da gemu, da kan direba, da bakin ƙofa, ta ce in makancewa ya yi me ya sa aka sallame su ba a gaya mata ba, in kuma iskanci ne a gaya mata yanzu ta san inda dare ya yi mata. Likitar ta saurara har ƙarshe. Ta tambaya ko akwai wasu ƙananan abubuwa a jakar Allura. Jakar tela ba ta rasa maɓallai. Likitar ta jera su a tebur daga wannan gefe zuwa wancan, ta ce Baba ya tattara su duka ya zuba a tafin hannunta.

Ya tsince na dama ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo tsakiyar tebur ya tsaya, ya kakkaɓe hannu, ya ce shi ke nan ko akwai wani wasan yaran? Sauran maɓallan suna gabansa suna ƙyalli. Likitar ta ɗauki ɗaya daga cikinsu ta kawo dama, nan take ya ce ja ne, mai ƙofa huɗu, irin na rigar makaranta. Ta ce ya ɗan jira a benci a waje.

Ta sauko da wata ƙwaƙwalwar roba daga kan kabad, ta raba ta gida biyu a gaban Allura. Ta ce kowane ɓari yana kula da kishiyar gefensa ne, don jijiyoyin da ke saukowa daga kai suna gittawa a wajen ƙeya, na dama su koma hagu, na hagu su koma dama. Ta ɗora yatsa a saman ɓarin dama, can wajen baya, ta ce nan jini ya yanke wa Baba. Idonsa lafiya lau, kunnensa ma haka. Ido yana ɗauko hoto ya aika ciki, kunne yana ɗauko murya, amma wurin da aikinsa shi ne ya ce akwai abu a hagu, a juya a duba, shi ne ya samu rauni. Saƙo yana isowa, ba mai karɓa. Muryar da ta zo daga hagu kuma sai a jingina ta ga wani wuri a dama, shi ya sa yake neman ta a bakin ƙofa.

Allura ta ce to shi ba ya jin cewa rabin duniya ya ɓace masa? Likitar ta ce wannan ne mugun wurin. Abin da zai gaya masa an yi rashi yana cikin abin da ya lalace. Ta tambaye ta ko tana jin wani giɓi a bayan kanta don ba ta ganin abin da ke can. Allura ta ce a'a. Likitar ta ce to haka hagu ta zame masa, a wurinsa farantin ya ƙare, kan direba ya asku, matarsa kuma ba ta ɗakin. Ta yarda cewa a ɗakin jinya hankalin kowa ya tafi kan hannu da ƙafa, da an gwada shi da an gani.

Allura ta zauna tana kallon robar nan mai kama da murɗaɗɗen hanji. Ranta ya ɓaci fiye da yadda ta shigo, don a da tana da wanda take fushi da shi, yanzu an ƙwace mata shi. Ta ji haushin asibitin, ta ji haushin Yaya, ta ji haushin wata 'yar jijiya da ba ta kai zaren ɗinki kauri ba amma ta fitar da ita daga gidanta tana zaune a ciki. Ta miƙe ta saɓa jaka, ta ce magana ta ƙare, yau ɗin nan za ta ja kujerarta ta mayar dama, keken ma gobe a ɗauke shi a kai bakin ƙofa.

"Mama, ki zauna tukuna," in ji likitar. "In kin koma dama zai gan ki yau, zai ji daɗi, ke ma ki ji daɗi. Amma in duk abin da yake so ya taru a dama, me zai sa ya juya hagu? Ƙwaƙwalwa tana iya buɗe sabuwar hanya in an matsa mata, kuma yanzu da ciwon yake sabo ne ta fi jin magana. In an bar shi haka, zai ci gaba da buge turaku, wata rana mota ce za ta zo ta hagu."

"To me kike so in yi?"

"Ki zauna inda kike. Ki kira shi, ki taɓa masa hannun hagu, ki sa shi ya juyo da kansa har ya same ki. Ruwan sha a hagu, waya a hagu, ke a hagu. Ba abin da zai nema kamar yadda zai neme ki."

Allura ta tambaya ko zai warke. Likitar ta ce wasu suna samun sauƙi sosai, wasu kaɗan, ba za ta yi mata alkawarin da ba ta da iko da shi ba. Allura ta ce wato ita ce maganin, kuma maganin shi ne ta ci gaba da zama wadda ba ta nan. Ta yi tsaki ta kwashe maɓallanta.

Ranar da Yaya ta ce, ta zo da hantsi, ɗanta ya tsaya da mota a waje. Ta shigo ta zauna a kujerar baƙi, ta ce a fito da kayansa. Allura ta yi mata bayani daga kujerarta, tun daga maɓallai har ƙwaƙwalwar roba. Yaya ta saurara tana gyara zaman jakarta, ta ce ita ta girme wa wannan tatsuniyar. Ciwon da zai zaɓi mace ɗaya a duniya ya ɓoye ta, ita ba ta taɓa jin sa ba, kuma ta ga jinya iri-iri. Ta juya ta ce wa ƙaninta ya tashi su tafi. Ya laluba sandarsa, ya ce da dai Allura tana nan da ya yi mata sallama, amma ba komai.

Nan haƙurin Allura ya ƙare. Ta tashi ta zagayo, ta kama Yaya a wuyan hannu, matar da ba ta taɓa haɗa ido da ita ba tun aurenta, ta ce ta yi haƙuri ta ɗan tashi. Mamaki ya hana Yaya gardama. Allura ta ja ta ta zaunar da ita a kujerar hagu, ita kuma ta dawo ta zauna a ta baƙi.

Mai Aski ya ga matarsa. Ya dubi bayanta, ya dubi ƙofa, ya tambaya ina Yaya ta shiga, yanzun nan tana nan. Ya girgiza kai ya ce ai dama ya sani. Yaya haka take tun suna yara, ta iya shiga gaba a yi ta yabonta, in aiki ya zo sai ka neme ta ka rasa. Ya ce goyon da take ta gori da shi ma, maƙwabciyarsu ce ta yi rabinsa. Ya ce turarenta yana sa masa ciwon kai, kunya ce ta hana shi faɗa.

Yaya ta buga jakarta a hannun kujera ta ce ga ta nan zaune, mara mutunci, ita yake zagi a gaban idonta? Ya ɗaga kai wajen ƙofa.

"Kin ji ta ko? Tana can waje tana faɗa. Ta shigo mana in da gaske take."

Yaya ta sake kiran sa, ta ɗaga masa hannu, ta miƙe tsaye a gefensa tana huci. Yana ta kallon ƙofa yana jiran ta shigo. Allura ta bar ta ta ɗanɗana sosai kafin ta yi magana.

"Yaya, ke yanzu kika zauna a nan har kin ji ba za ki iya ba. Ni tun ranar da ya faɗi nake wurin nan, ina goge masa jiki yana gode miki. Kina kallo, ba ki taɓa ce masa ga ta nan ba. In kin ɗauke shi, kowa a gidanki zai koma damarsa don a ji daɗinsa, ya mutu da rabin duniya. Ba inda za shi."

Yaya ta juya wajen ƙaninta. Ta dubi gemun da ke gefen da take tsaye, wanda ba ta taɓa gani ba, ta daɗe tana kallonsa. Ba ta ba da haƙuri ba, ba halinta ba ne. Ta ce ɗanta yana da wurin zuwa, ba za ta tsayar da shi a rana ba, ta fita. Aka ji motar ta tashi.

Mai Aski ya jingine sandarsa, ya miƙo hannun dama ya kama na matarsa, ya riƙe gam. Yana kallonta ido cikin ido, irin kallon da ta manta yadda yake. Ya ce ta rame. Ya ce shi bai san laifin da ya yi mata ba, amma ko mene ne ta yafe masa, ya gaji da cin abinci shi kaɗai.

"Ki zauna nan inda nake ganinki, Allura. Ko ba za ki yi mini magana ba, ki zauna kawai."

Tun yana kan gadon asibiti wannan maganar take jira. Kujerar baƙin tana da laushi, hannunsa yana da ɗumi, ba kuma wanda zai sani in ta yi zamanta. Ta ji ta tsani yarinyar nan likita har cikin ranta. Ta zauna kaɗan, ta bar shi ya gama kallonta. Sannan ta ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, ta ce masa ba fita za ta yi ba, ya bi ta da ido. Ta miƙe a hankali ta bi ta gabansa. Idonsa ya biyo ta har tsakiyar talabijin, ya tsaya a nan. Ta ƙarasa ta zauna a kujerarta.

Ya jira. Ya dubi kujerar baƙi, ya dubi ƙofa. Sannan ya sunkuyar da kai, ya tambayi kansa a hankali me ya yi wa matar nan.

Ta cusa bakin mayafinta a baki ta cije har kukan da ya taso mata ya wuce. Ta ɗora hannu a kan hannunsa na hagu, ta matsa da ƙarfi.

"Ina nan, Maigida. Juyo da kanka ka neme ni."

Ya juya wajen ƙofa. Ta sake kiran sa.